Ranar da Na Yi wa Nas Sannu

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na zame a matakalar kasuwar Chow Kit, da ledar kifi a hannuna. Kifin bai ji ciwo ba. Ni kuwa ƙafata ta karye a wuri biyu, aka sa min ƙarfe, ciwon ya ƙi kamewa, na share sati uku a wani asibiti kusa da Titiwangsa. Karatun digiri na uku ya kawo ni ƙasar. Maigidana yana gida a unguwar Sentul yana fama da yara, sai da yamma yake leƙowa. Saboda haka ba ni da aiki sai kallon mutane.

Nas-nas ɗin ɗakinmu yawancinsu Sinawa ne haifaffun ƙasar. Biyu na fi sani. Akwai babbar sista, gajera mai furfura, mai tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Akwai kuma wata ƙarama siririya, shekararta ɗaya da fara aiki, wadda ke rubuta komai da biro a bayan hannunta.

Abin da na fara lura da shi, ba sa yi wa juna sannu. Mu a gida, wanda ya yi tuntuɓe sai ya amsa sannu goma kafin ya gama miƙewa. Su kuwa in likita ya wanke ɗaya tas a gaban marasa lafiya, sai sauran su duƙufa a kan takardu kamar masu jarrabawa. Nan take na yanke cewa mutanen nan ba su da zumunci. Shekara goma sha biyu na yi ina koyarwa a sakandare, na saba ba da maki da wuri.

Wata safiya tsohuwar da ke gadon da ke kallon nawa ta rasu. Kwana tara ƙaramar nas ɗin tana goge mata jiki, tana ba ta abinci a baki. Ɗan tsohuwar ya iso bayan an ja labule. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana nuna yarinyar da yatsa, yana zazzaga mata faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma irin wannan faɗan ba ya buƙatar tafinta. Ta sunkuyar da kai har sista ta zo ta ja shi waje. Babu wadda ta ce mata uffan. Ta turo keken magani zuwa gadona za ta wanke min ciwo.

Sai na kama hannunta. Da muryar da nake isa bayan aji na ce, “Sannu ƙanwata. Ba laifinki ba ne, a kan idona kika yi iya yinki. Allah ya ba ki haƙuri.”

Ta zuba min ido. Sai ta durƙushe a gefen gadon, da auduga a hannu, ta fashe da kuka mai ƙarfi. Gado shida ne a ɗakin, kowane da mai jinya. Can ta tashi ta fita da gudu.

Sista ce ta ƙarasa wanke ciwon, kuma ba ta tausaya min ba.

“Madam, me kika ce mata?”

“Sannu kawai.”

“Kawai,” in ji ta. “Ƙafa kika karya, lah. Da bakin ne, da mun huta.” Wannan lah ɗin, mutanen ƙasar liƙa ta suke yi a ƙarshen magana.

Tana naɗa bandeji tana yi min bayani ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta rubuta takardar ajiye aiki wata uku da suka wuce, tana cikin lokarta. Duk sun sani, ita ce ba ta san sun sani ba. Tun kafin mutumin ya rufe baki sista ta riga ta sauya mata aiki: da ta gama da ni za ta shiga sito shirya zannuwan gado, ɗaki mai ƙofa, inda ba mai duba mata agogo. Wata nas ta aika a yi mata tapau, wato a ƙullo mata miya mai zafi daga shago. Wata kuma za ta bi ta a jirgin ƙasa har unguwarsu, alhali ba hanyarta ba ce.

“A sito za ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito, mu yi kamar ba mu gani ba. Dukanmu mun shirya zannuwan nan. Yanzu ɗaki guda ya gani. Da wace fuska za ta dawo?”

Na ce, “Sista, a wurinmu a ga mutum cikin damuwa a yi shiru, wulaƙanci ne.”

“To in kun gama maganar, wa ke wanke ciwon?”

Ta ɗaure bandejin ta fita. Da na ba maigidana labari da yamma, cewa ya yi, “Malama, ko a kwance ma sai kin shiga aji?”

Kwana uku yarinyar ba ta zo ba. Ba a kawo kowa a madadinta ba. Sauran suka raba aikinta a tsakaninsu, na ga sista da furfurarta tana ɗaukar fo. Ba wadda ta ambace ta. Ni ma na koyi yin shiru, duk da dai a makare.

A rana ta huɗu na hango ta a bakin ƙofa, da sabon rubutu a bayan hannu. Sista ta zo auna min jini.

“Ta dawo. Takardar tana nan, amma ta dawo. Abu ɗaya ta roƙa, kada a ba ta gadonki.”

“Fushi take da ni?”

“A’a. Cewa ta yi in kika sake kallonta haka, sake fashewa da kuka za ta yi.”

Kwana tara suka rage min a ɗakin. In ta zo wucewa ta gadona sai ta kalli bango, ni kuma in kalli littafina. Har aka sallame ni tana bakin aikinta.