Eriyar da Na Ɗaura a Kan Soro

A unguwarmu ta Faskari, in kana son sabis sai ka hau katanga. Shi ya sa na sayo rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet, na ɗaura mata eriya a kan soro. Sai wayoyin gida suka ƙi hawa, don kowace sai an ba ta lambar adireshi, ni kuwa na gaji da sa wa kowa tashi da hannu. Wata rana bayan la'asar na zauna a zaure da kwamfuta, ina saita rautar ta riƙa raba lambobin da kanta.

Lokacin gari a tsorace yake. 'Yan bindiga sun yi ɓarna a ƙauyukan wajen Sheme, kowa na farautar infoma, masu kai masu rahoto. Wanda aka laƙaba wa sunan nan ba ya ƙara kwana a duniya.

Ban ji sallama ba, sai dai saukar gora a gadon bayana. 'Yan sa-kai ne suka cika zauren. Shugabansu aminin marigayi babana ne, ya ci tuwon gidanmu ba adadi.

"Da wa kake magana a daji da sandar can?" in ji shi.

"Baba, intanet ce! Wallahi intanet ce!"

Wani ya ɗauke ni da mari har haƙorina ya yi tsalle. Baban ya leƙa kwamfuta, ya ga lambobi a jere, ya ce, "Ga iyayen gidan naka nan."

Ni kuwa ina da zuciya, kuma ba ta taɓa yi mani rana ba. Na tofar da jini na ce, "Haba! Ba ku da mai ido a cikinku? Kawo wayarka, Baba, ka gani." Ya miƙo, na kunna raba lambar, na haɗa wayarshi. Nan take sabuwar lamba ta fito a ƙasa.

"Ka gani? Taka ce wannan. Kowa ya shigo rautar ke ba shi."

Ya ƙura wa lambar ido. Na ɗauka na tsira, ashe kabarina na haƙa.

"Wato ni ma ka sa ni a layi," ya faɗa a hankali. "Ku fitar da shi."

Suka ragargaza rautar da gindin bindiga, suka ja ni ta ƙafa zuwa ƙofar gida, kaina na bugun dakali. Duka ta ko'ina. Maƙwabta na tsaye suna kallo. Na ga an zare adda, na fara salati.

Sai ga Innata ta fito a guje, ko mayafi babu, hannunta duk gari. Ta faɗa kaina ta rufe ni.

"Malam, sai dai ka haɗa da ni! Kai ka raɗa mashi suna!"

Wani ya riga ya ɗaga gora, bai iya tsayar da ita ba. Ƙarar karyewar hannunta har yau tana kunnena. Ba ta yi ihu ba, ƙara ƙanƙame ni ta yi da ɗayan.

Baban ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya juya. Sauran suka bi shi.

Mai ɗori ya yi iya yinshi, hannun bai ƙara miƙewa ba. Har Allah ya karɓi abarsa, ni ke ɗaura mata ɗankwali kullum da safe, tana faɗan wai ban iya ba.