Inna Mal-sun da Mawaƙan Ƙasan Shago

Duk unguwar bayan tashar Incheon ta ƙasar Koriya an san Gu Mal-sun, mai miyar ƙashin saniya, da gajen haƙuri. Tun tana budurwa haka take. Mijinta Bong-gil ma, da ya tsaya in'ina ranar da zai nemi aurenta, ita ta ƙarasa masa maganar, ta kuma amsa.

Sai ga wasu samari uku da wata budurwa sun kama ɗakin ƙasan shagonta, wai su mawaƙa ne, ba kamfani, ba ubangida. Ta ɗaura ɗamarar masifa kan hayaniya, hayaniya ta ƙi zuwa. Jita kawai take ji tana ɗiga ta ƙasan daɓe, kamar famfon da bai rufu ba. Ranar da ta ƙoshi, ta sauka ta same su.

"Kai, mai gashin tunkiya! Wannan waƙa ce ko jinya?"

"Inna, ai ba a kai wurin ba tukuna," in ji Tae-gyun, mai jitar.

"Sai na mutu za a kai?"

Ya jawo mata kujera. Ta zauna don ta ƙara samun abin zagi. Jita ta yi ta ɗiga. Can ganga ta shigo a sace, muryar budurwar ta biyo ta ƙasa-ƙasa, daga nan komai ya taso gaba ɗaya har gwangwanayen giyarsu suka kama rawa. Tsigar jikin Mal-sun ta tashi. Ta miƙe tana murza ido, ta ce ƙurar ɗakin ce, ƙazaman banza.

Bikin cikar Bong-gil shekara saba'in, su ta ɗauko su yi kiɗa. Dangi sun ci kwalliya, sun zo rawa, suka tarar da mutum huɗu suna kiɗa a hankali, suna kallon takalmansu.

"Matar yaya, a sa mana abin motsa ƙugu mana!" in ji ƙanen mijinta.

Ta tura masa wainar shinkafa a baki, ba ta ko juyo ba.

Da bazara aka kira Tae-gyun aikin soja, budurwar ta samu aiki a banki, ƙungiya ta watse. Yanzu Mal-sun a waya take kunna waƙar da tsakar rana, kuma mai cin abincin da ya nemi ƙarin kimchi, kabejin nan mai yaji, a daidai shigowar ganga sai ya tashi ya ɗebo da kansa. Shi kuwa Bong-gil har yau bai san ƙarshenta ba, barci ke kwashe shi.