Hannun Baibín

Yayana Colmán Ó Cualáin ya shekara arba'in yana zaga ƙauyukan yankinmu na Conamara a kan keke, da rakoda ɗaure a baya, yana kwasar waƙoƙin harshenmu na Airish daga bakin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ko aure bai yi ba. Na yi mita har na gaji.

A wajenmu, in mutum zai rera tsohuwar waƙa, wani kan riƙe masa hannu yana juyawa a hankali har ya dire. Colmán kuwa hannunsa ɗaya na kan rakoda, ɗaya na kan alƙalami. Ranar da ya je wurin Baibín, wata tsohuwa a bakin teku, sai ta tsuke baki.

"Ɗan nan, akwati zan yi wa waƙa? Duk karatun naka ba a koya maka miƙo hannu ba?"

"Inna, to wa zai rubuta?"

"Oho maka."

Ya ajiye alƙalami ya kama hannunta, ya manta bai kunna rakoda ba. Ta rera waƙar ɗanta da ya ƙetare teku ya tafi birnin Boston bai dawo ba, baiti goma sha bakwai. Kafin Colmán ya sake komawa wurinta, ta rasu.

Yau faifansa ɗari shida suna jami'a. Shi kuwa yana zaune bakin tagata, yana nanata baiti ukun da ya iya riƙewa. In ya kai inda waƙar ta ɓace masa, sai ya miƙo mini hannu. Ina juyawa dai, amma ni ban taɓa jin sauran ba.