Jan Fentin Shahat

Shahat mai guga ya zo Alƙahira daga Sohag yana saurayi, ya tsufa a wani ɗan shago ƙarƙashin benen Hajji Fatahalla a unguwar Shubra. Mu da muka sha shayi a ƙofarsa mun san shi da abu biyu: ba ya ƙona riga, kuma ba mai hawa benen nan bai ce masa, "Ka gai da surukata" ba.

Surukar tasa wani mataki ne a tsakiyar matakala, bakinsa ya gutsure, ya yi santsi. Ya yi wa mai gidan magana har ya gaji.

"Hajji, surukata za ta kashe wani."

"Haba Shahat, makaho ma ya san da zamanta. Bayan Idi, in Allah ya so."

"Wane Idin? Na bana ko na jikokinka?"

Sai Hajji ya yi dariya, ya miƙa masa jallabiya a goge.

Da wata 'yar maƙwabta ta fasa haɓa a wurin, Shahat ya sayo jan fenti ya shafe matakin. Duk shekara yana sabuntawa. Matarsa Nawal takan tsokane shi, wai ita ko jan baki bai taɓa sayo mata ba, sai suruka.

Ran da abin ya faru, rigar amarya ya goge, ta wata yarinya a hawan ƙarshe. Ya hau matakala zai kai mata, ya ɗaga rigar da hannu biyu don kada gefenta ya share ƙasa, farin yadin ya tare masa gani. Ya sani sarai surukar tana nan, ƙafarsa ce ba ya gani. Ya taka matakin ya zame ya faɗo. Da aka zo ɗaga shi, rigar tana kan ƙirjinsa, ko ɗigon datti babu. A asibiti ya cika.

Nawal ta kai ƙara. Abin da take so ta ji a bakin alƙali shi ne mijinta ba ganganci ya yi ba, gidan ne ya kashe shi. Lauyan Hajji ya ɗaga hoton matakin.

"Ranka ya daɗe, wannan haɗari a fili yake. Wa ya shafa masa ja? Marigayin, da hannunsa."

Aka kori ƙarar. Ba a kuma gyara matakin ba.

Da fentin ya fara koɗewa, Nawal ta ciro gwangwanin daga ƙarƙashin teburin guga. Ta daɗe a tsaye riƙe da shi.

"In na shafa, na sake wanke Hajji," in ji ta. "In na bari, yaran nan fa?"

Ana jin gudunsu daga sama, za su makaranta. Ta durƙusa ta buɗe gwangwanin.

Allah ya ji ƙanka, Shahat, abokina.