Bismillah ga Tsohuwar Kalanda

A tashar motocin Tibiri, inda Mansura ke jiran mota ta cika, wani dattijo na zaune gindin bango da allon katako a kan gwiwa. Rigarsa duk ɗigon fenti, tabaraunsa kuma da zare ya ɗaure shi a kunne. Ya manna wata tsohuwar takardar kalanda a bango, hoton wata gyatumar Baturiya mai farin ɗankwali, wadda wani gwani ya zana shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ita yake kwaikwaya da fentin mai. Ya dubi takarda, ya dubi allo, ya goge kumatun da yatsa, ya sake.

Mansura na zaton allunan shagunan aski ya saba zanawa, kafin injin buga hoto ya ƙwace masa aikin. Wataƙila kuma gidansa ba kowa.

Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo. "Baba Kabo, wa za shi sayi wannan tsohuwa?"

"Ba ta saidawa ba ce. Koyo nike."

Azahar ta gabato, ya wanke hannu, ya buɗe kwanon dambu. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kowa na harkar gabansa. Sai ya jingine allon yana fuskantarsa, ya ɗan tura masa kwanon.

"Bismillah, Iya."

Ya dakata kaɗan, kamar mai jiran a ce masa an ƙoshi. Amsar ta zo wa Mansura har baki, amma direba ya riga ya ja mota.