Wayar da Ba Ta San An Jima Ba

Aikina a wani ofishin lafiya na Ƙaura Namoda bai wuce in ɗaura akwatin sanyi a bayan babur in kai allurar rigakafi Zurmi da Dauran, wani lokaci har Shinkafi ba. Bokona a aji biyu ya tsaya, shi ma malamin ne ya roƙi babana ya zo ya ɗauki abinsa. Duk da haka aka ba ni wayar ofis, in na sauke kaya in ɗauki hoto.

Akwai mai zuwa daga Gusau duk wata ya yi wa wayoyinmu abin da suke kira afdet, wato ya zuba musu sabon wayo. Bayerabe ne, sa'ana, haifaffen bayan tashar jirgin Ƙaura, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ni kuwa Bagobiri, tsage har kunne. Ranar da ya fara ganina ya ce ashe ofis ya saya masa bawa ba a gaya masa ba. Na ce a gidanmu bawa gajere irinsa kyauta muke bayarwa.

Ni nake goya shi zuwa ƙananan asibitoci. Tsoron babur gare shi, ya ƙanƙame ni yana salati, ni kuma ina bin ramuka da gangan. A Moriki mukan tsaya cin tsire, ya zuba yaji har idonsa ya kawo ruwa, ya rantse wai bai ji komai ba.

Da hanya ta ɓaci aka fara tare mutane, sai aka hana shi fitowa. Oga ya tara mu ya ce daga yanzu kowa zai yi afdet da hannunsa, lokacin da ya ga dama, amma da wa'adi: in Juma'a ta zo ba ka yi ba, waya za ta yi da kanta. Ya nuna mini wuraren dannawa biyu, shuɗi yana nufin yanzu, fari yana nufin an jima.

Abokan aiki suka danna shuɗi suka huta. Ni na zaɓi fari, don a tunanina in tawa ta ƙi, dole a aiko Bayeraben. Kuma a garinmu in mutum ya roƙe ka abu ka ce masa sai an jima, ya dawo ka sake faɗa, to ya gane, zai ji kunya ya ƙyale ka. Na ɗauka ita ma za ta gane, batun Juma'a kuwa barazanar oga ce. Kullum da safe ta tambaye ni, in ce mata an jima, har da ɗan murmushi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ciro ta na ga ta yi baƙi, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Na danna ko'ina, ba ta kula ni ba. Can ta farka da sabuwar fuska, tana aiki fiye da da.

Duk da haka na kira Bayeraben na ce ta lalace sarai, sai ya zo. Ya yi dariya har da tari.

"Bawana, daga teburina nake ganinta, lafiyarta ƙalau. Duk satin nan kowa ya koma kore a kwamfutata, kai kaɗai ka tsaya a ja sai yau."

"To mi ya hana ka tahowa ka duba jan?"

Ya ce ya nemi mota, aka ce masa aikin da waya za ta yi da kanta ba a jefa ran mutum a hanya dominsa.

Bayan damina aka mai da shi Ilorin. Mukan gaisa a waya, ya zage ni in zage shi, amma zagin da ba ka ganin haƙoran mai yinsa ba ya ƙosarwa. Da na bar aiki na miƙa wayar ko ƙwarzane babu, oga har ya yaba mini a gaban mutane. Yana yabo, ni kuma hankalina yana kan gulbin da nake ƙetarewa wajen Birnin Tsaba. Da na saki hannu ta faɗa ciki tun a wancan satin na afdet, wataƙila da an bar shi ya kawo mini wata.