Rigar da Babu a Hoto

Jiya na buɗe akwatin ƙungiyarmu ta teloli a unguwar Nima, ƙanshin kafur ya daki hancina. A ciki na tarar da farar babbar rigar marigayi Baba, wanda ya koya mini ɗinki.

A shekarun baya, ni na kawo shawarar mu daina sa babbar riga ranar yaye masu koyo, mu koma tishat mai tambari. Ranar bikin Baba kaɗai ya zo da tasa, ta sha sitaci, yana ta zufa. Na ce ya matsa gefe kada ya ɓata mana hoto.

Ya ce, "To, ɗana. Ni dai a cikinta aka yaye ni." Ya matsa.

Hoton yana nan a bangon shagona, babu shi a ciki. Allah Ya suturta Baba da tufafin Aljanna, ni kuma Ya yafe mini.